Bashin Babana a Tamanrasset

Ranar da muka yi wa mahaifina sutura, kafin a kabbara sallah liman ya juyo ya yi tambayar da aka saba: ko akwai mai bin mamacin bashi? Babu wanda ya tanka. Yayana ya ɗaga murya ya ce duk wanda ya tuna daga baya ya iske shi gida, ya ɗauki nauyi. Aka yi sallah, aka kai Baba makwancinsa. Ni kuwa tun a sahu hankalina bai kwanta ba, don na san mutumin da yake binsa ba zai ji wannan cigiya ba. Tsakaninsa da Fagge akwai hamada sukutum.

Kwana uku kafin ya cika, ina gyara masa matashi sai ya riƙe hannuna ya ce, "Akwai kuɗin mutumin Taman a kaina. Na taɓa ba wani ya kai, ban san ko sun isa ba." Na ce wane mutum ne, kuma nawa ne? Ya ce mai kanti ne na bakin kwari, wanda ake gasa nama a ƙofarsa. Adadin kuɗin ya ɓace masa. "Kawunka ya san wurin." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

Baba haifaffen Damagaram ne, sana'a ta kawo shi Kano ya yi aure ya zauna. Direban gingimari ne. Yakan loda lalle da citta da barkono da gyaɗa da yadi ya nausa arewa, ya dawo da busasshen dabino buhu-buhu. Taman da yake faɗa ita ce Tamanrasset, babban garin da ke can kudancin Aljeriya, direbobi ne ba sa wahalar da bakinsu da dogon sunan. In ya tafi sai a yi wata biyu, wani lokaci uku, babu waya babu wasiƙa. Da haushin wannan gari na tashi, alhali ko a hoto ban taɓa ganinsa ba. Shi ya cinye mana Sallah ba ɗaya ba ba biyu ba. Matan unguwa kuma ba su bar Inna ta huta ba, kullum cikin habaici suke, wai namiji ba ya jure wa hamada haka siddan sai in akwai mai dafa masa a can. Suna faɗa ina wasa a tsakar gida, sun ɗauka yaro ba ya ji. Na ji, kuma maganar ta zauna min daram.

Tsarabarsa ɗaya ce, ba ta canjawa: gwangwanin alawar riɗi da mutanen can suke kira shamiya. A tafiyarsa ta ƙarshe ya yi min alkawarin zai dawo kafin ranar saukar karatuna. Aka yi sauka, aka yanka rago, aka watse, bai zo ba sai bayan mako uku. Da ya miƙo min gwangwanin na sa hannu biyu na karɓa don ladabi, na je na ɗora a kan taga, ban buɗe ba. Ƙanwata ce ta cinye daga baya. Ya gani, bai ce komai ba. Ni ma ban taɓa tayar da zancen ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Daga wannan tafiya bai sake komawa ba. A farkon shekarun 1990 tawayen Abzinawa ya ɓarke a arewacin Nijar, hanya ta zama sai mai ƙarar kwana, ita ma Aljeriya ta faɗa nata rikicin daga 1992. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, cinikin maigidansa ya durƙushe, ya sayar da motar. Ko da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Afrilun 1995, Baba ya riga ya koma jigilar Kano zuwa Legas, daga baya kuma ido ya ƙi.

Wanda ya kira kawuna ba ɗan'uwan Inna ba ne. Yaron motarsa ne na wancan zamani, zama ne ya mayar da shi dangi. Yanzu shi ma ya yi furfura, yana zaune a Damagaram yana saye da sayar da dabino. Shekara biyu bayan rasuwar Baba ina ta ɗaga tafiyar, yau in ce aiki, gobe in ce kuɗi. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne tsoro nake ji, kada in je biyan bashi in tarar da ƙanne. Wata rana Kawu ya kira ni ya ce za su tafi Assihar, baje-kolin da ake yi a Taman inda 'yan kasuwar Aljeriya da Nijar da Mali suke haɗuwa, kuma akwai wurin mutum ɗaya a mota. Na fara kawo uzuri, sai ya katse ni. "Ɗana, bashi ba ya tsufa, amma masu sanin hanya suna tsufa. In na faɗi, wa zai nuna maka ƙofar?"

Na nemi biza, na ɗauki hutu a makarantar da nake koyarwa, na kama hanya cikin hunturu. Daga Kano na bi ta Kazaure da Daura, na tsallaka iyaka a Kwangwalam, na ratsa Matamaye da Kantche zuwa Damagaram. Nan na shiga motar su Kawu, mu huɗu, bayanta cike da jarkokin ruwa da na mai. Daga nan sai Tanut, sai Agadas, sai Arlit garin yuraniyom. Wannan ita ce hanyar da ta taso daga Legas ta ratsa Kano ta ƙare a babban birnin Aljeriya, tsawonta ya kai kilomita 4,500, rabonmu a ciki ya haura 1,500.

Kawu bai gaji da magana ba. A Tanut ya nuna min gonakin Damargu ya ce nan ne ayarin raƙuman Abzinawan Hoggar suke saukowa da gishirin Amadghor su musanya da gero. Ya ce rawanin nan baƙi mai sheƙi da manyansu suke naɗawa ranar biki, a Kura ake rina shi a buga. Ya tuna min cewa Faggen da na tashi a cikinta ma asalinta masaukin ayari ce a bayan ganuwa. Wato dai tun kafin a ƙera mota ƙafafun mutanenmu da nasu sun san juna.

Bayan Arlit sai bakinsa ya mutu. Itace ya ƙare, ciyawa ta ƙare, sai yashi da tsakuwa da sawun tayoyi da suka rarrabu kamar jijiyoyin bayan hannu. Can da hantsi ya ce a tsaya, ya fito ya ɗaga hannu, muka bi shi. A wannan yanki ne cikin watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, da dama daga Kantchen da na ratso shekaranjiya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Muka shafa, muka koma mota, kowa ya kurɓi ruwa ba don yana jin ƙishi ba.

Muka yi cike-ciken takardu a Assamaka, muka sake yi a In Gezzam, daga nan kwalta ta karɓe mu, kusan kilomita 400. Ƙasa ta fara tashi sannu a hankali, duwatsun Hoggar suka fara leƙowa, wasu baƙaƙe wasu jajaye, wasu a tsaye ƙyam kamar an dasa su. Garin yana bisa tudu ne, sama da mita 1,300, shi ya sa rana na faɗuwa sanyi ya sauko mana kamar an buɗe firji. Mun kusa shiga gari sai Kawu ya taɓa kafaɗar direba ya ce ya saki kwalta ya yi dama. Muka gangara gefen wani busasshen kwari mai faɗi. Hancina ne ya riga idona isa: hayaƙin itace, kitse yana ɗiga a garwashi, da ƙamshin yaji. Na rantse da an rufe min ido cewa zan yi a bakin wata tasha nake a Kano bayan magariba.

Kantin ginin ƙasa ne ja-ja, gajere, mai ƙofar ƙarfe da shuɗin fentinta ya koɗe. Gidajen bulo sun taso sun kewaye shi ta ɓangare uku, shi kuwa yana nan a duƙe kamar tsoho a taron samari. A gefen ƙofa akwai rumfa, ƙarƙashinta rabin ganga da raga a kai, sai benci biyu. A jikin bango an rubuta kalma ɗaya da harufan boko da na Larabci: mainama.

Na ɗauka sunan mai sana'ar aka rubuta. Muna tsaye sai ga wani Balarabe cikin farar jallabiya ya faka mota, ya ce a ba shi mainama rabin kilo. Bayansa wani Ba'abzine, rawani ya rufe masa komai sai ido, shi ma mainama yake so. Kawu ya ga na yi sororo, ya ce ai a Taman sunan gasasshen naman ke nan, kowa haka yake kiransa. Mahautan da suka zo daga ƙasar Hausa ne suka kawo gashin, mutanen gari suka ji ana kiran "mai nama, mai nama", sai sunan mutum ya koma kan abincinsa. Na ce ikon Allah, mu a gida in ka ce ka ci mai nama ai sai a kira 'yan sanda. Na yi dariya, amma wani abu ya tsaya min a maƙogwaro. Ban san sunan ko mutum ɗaya daga waɗanda suka fara hura wuta a wannan gari ba, ga shi kuwa kalmarsu tana yawo a bakin Larabawa da Abzinawa.

Tsohon da ke bakin wutar ya ɗago, ya ƙura wa Kawu ido, sai ya ajiye wuƙa. Suka rungumi juna suna ta jero gaisuwa. Mutumin ƙasar Adar ne, daga wajen Tawa, harshensa bai gushe ba duk da shekarun da ya yi. Kawu ya nuna ni ya ce, "Ɗan Mai Koriya ne." Motar Baba koriya ce, ashe da wannan suna aka san shi a nan. Tsohon ya matso da fuskata kusa da fitila. "Ɗan Mai Koriya na? Kai, ga goshin nan! Ina uban naka?" Da aka gaya masa ya yi shiru, ya ce, "Allah shi jiƙai nai." Sannan ya juya ya yaye takardar buhun siminti da ya lulluɓe naman da ita, ya zaɓo wajen haƙarƙari.

Mai kantin ya fito jin hayaniya. Dattijo ne fari, siriri, da tabarau a kan hanci, Hausarsa irin ta Agadas. Na gaishe shi, na fara cewa, "Alhaji, abin da ya kawo ni..." Ya ɗaga hannu. Ya ce baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi da yunwa a cikinsa. Aka shimfiɗa takarda a kan benci, aka zube naman rago mai zafi, aka watsa albasa, aka tsiyaya yaji a gefe, ga dogon burodi irin na Faransawa. Kusan balangu ne, sai dai gashin a hankali ake yinsa a rufe, har naman ya yi laushi yana rabuwa da ƙashi da kansa. Kwana huɗu muna cin taliya da sardin a hanya, don haka ban yi kara ba. Bayan nan aka ɗora shayi, kore, a 'yar buta kan garwashi, aka yi mana zagaye uku kamar yadda al'adarsu take: na fari da ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi zalla.

Muna shan shayin nake leƙen cikin kantin. Babu abin da matafiyi zai nema ya rasa. Ga buhunan garin alkama da taliya da sukari, ga kwalayen koren shayi na ƙasar Sin, madarar Lahda, tumatirin gwangwani, dabino iri-iri. A ɗaya ɓangaren ga kayan gida kamar a kasuwar Rimi: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, kimba, masoro, goro a cikin jiƙaƙƙen algarara. Daga azarar rufi an rataye igiyoyi, butoci, tocila, takalma, bel ɗin fanka, da wata tsohuwar salka da ta bushe ta ƙandare, wadda ya ce ta babansa ce ba ta sayarwa ba. Katakon kantar ya sha hannu har yana sheƙi. A kansa akwai sikelin zamani mai lamba, kusa da shi kuma tsohon sikeli mai faranti biyu da duwatsunsa na tagulla. Ya ce tsofaffin Abzinawa har gobe ba su yarda da mai lambar ba.

Babansa ne ya kafa kantin. Daga In Salah ya zo, kusan kilomita 700 arewa, tun zamanin Faransawa, kafin 'yancin kan 1962. Ya ce Taman ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Agadas. Lokacin da malamin Kiristan nan Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya zauna a nan a 1905, 'yan bukkoki ne kawai, kuma ginin da aka kashe shi a ƙofarsa a 1916 yana nan cikin gari. Sai a 1974 garin ya zama hedikwatar jiha, kwalta daga arewa ta iso a 1978. A da kantin a bayan gari yake shi kaɗai, shi ne wurin ƙarshe da mai tafiya kudu zai cika jarka, kuma wurin farko da wanda ya fito daga hamada zai ji muryar da ba ta abokin tafiyarsa ba. Har ruwa sun sayar da gwangwani, kafin a jawo shi ta bututu daga In Salah, tafiyar kilomita 750, a 2011. Tsohon mai naman kuwa yana saurayi ya zo ya roƙi babansa inuwar bango. Tun daga ranar ba a taɓa karɓar kuɗin haya a hannunsa ba, shi ma gidan mai kanti bai taɓa sayen nama ba.

Da aka kwashe kofuna na faɗi abin da ya kawo ni. Alhaji bai yi mamaki ba, kamar kullum ana zuwa. Ya shiga ciki ya jawo wata akwatin ƙarfe, ya buɗe. Littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, an ɗaure su dami-dami da tsumma. Ya ce babansa yakan ce ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ko ashana ka ɗauka sai ya rubuta. Da Larabci yake rubutun, amma ba ya sa sunan yanka, sai laƙabin da ake kiran mutum da shi a hanya. Muka yi ta buɗawa ni da shi a ƙarƙashin kwan lantarki, ƙura tana sa mu atishawa, har muka kai ga Mai Koriya.

Idona ya fara sauka a kan jimillar shafin ƙarshe: 420,000. Gabana ya faɗi, na fara lissafin abin da ke cikin ɗan jakata. Alhaji ya ga fuskata ya tuntsire da dariya. Ya ce mutanen Aljeriya da santim suke ƙirga, ɗari ne dinari ɗaya, don haka dinari 4,200 ne. Kawu ya ce kada in ga laifinsu, su ma a Damagaram in an ce dala ai sefa biyar ake nufi, baƙo kullum sai ya rikice.

Sai na koma baya na fara karantawa daga farko. Kowace tafiya da shafinta. Shayi, sukari, taliya, faci, bel ɗin fanka, man birki. Kowane shafi an ja masa layi daga kusurwa zuwa kusurwa, alamar an biya a zuwa na gaba. Na ga taba kwali biyu, na ɗago na dubi Kawu, don ban taɓa ganin Baba da sigari ba. Ya sunkuyar da kai yana murmushi ya ce, "Sanyin hamada ne, ɗana." Ba zan ɓoye ba, ina karatun ina neman wani abu: zane, turare, ɗan kunne, takalmin yara. Ban gani ba. Sau ɗaya na ga an rubuta bargo, a gefensa an ƙara "na mai ɗakinsa a Kano". Na san bargon, mai ruwan ƙasa da zanen damisa, yana nan a kan gadon Inna. Littafin kanti ba shaidar kotu ba ne, na sani. Amma mutum yana iya yi wa mutane ƙarya, da wuya ya yi wa cefanensa na shekara goma sha.

A ƙasan kowane shafi, layi na ƙarshe kafin jimilla, kalmomi biyu ne ba sa canjawa: shamiya, ta yaro.

Shafin ƙarshe ya fi sauran tsawo, kuma shi kaɗai ne babu layi a kansa. Akwai kuɗi hannu da aka ba shi har sau uku, a gefe an rubuta gyaran mota. Akwai burodi da shayi na kwanaki a jere. Kawu ya karɓi zancen. Ya ce giyar motar ce ta watse suna gab da tashi, aka aika arewa a kawo kayan gyara, suka kwana goma sha tara a bayan wannan kanti. Ya ce kullum da asuba Baba sai ya ƙirga kwanakin da suka rage a yi saukata. An samu motar da za ta Agadas, aka ce ya bi ya bar Kawu da gingimarin, ya ce motar mutane amana ce, ba zai bar ta a hannun yaro ba. Ranar da suka tashi ko na shayi babu a aljihunsa. Ya riga ya hau mota ya tayar, sai ya sauko ya koma cikin kanti. Na duba ƙasan shafin, ga shi nan kuwa.

Na ce, "Kawu, shekara nawa muna tare, me ya hana ka gaya min?"

Ya ce, "Ba ka taɓa tambaya ba."

Na fita waje na tsaya a bakin kwarin cikin sanyi. Babu wanda ya biyo ni, na kuma gode musu da hakan.

Da na dawo na ƙirga dinari 4,200 na ajiye a kan kanta. Kuɗin da Baba ya aiko ba su iso ba. Ban zargi ɗan aiken ba, hanyar wancan lokaci ta ci mutane da kayansu da yawa. Amma kuɗin sun yi min kaɗan a ido, domin abin da dinari yake saye a wancan zamani ba shi yake saye yau ba. Na fito da sauran abin da na tanada na ɗora a kai. Alhaji ya ware nasa ya turo min ragowar. Ya ce abin da babansa ya rubuta shi zai karɓa, ƙari a kan bashi kuwa ni malami ne na san sunansa. Na ce ai kyautatawa wajen biya ba riba ba ce, tunda ba sharaɗi aka yi ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, Malam, in kyautatawa kake so, bari in nuna maka inda za ta yi amfani." Kafin nan ya miƙo min biro ya ce in ja layin da hannuna. Na ja, daga kusurwa zuwa kusurwa, hannuna yana rawa.

Ya jawo wani littafin daga ƙarƙashin kanta, sabo, na yanzu. Shi ma cike yake da laƙabi da sunayen garuruwa: Kantche, Magarya, Tawa, Maraɗi, Kazaure, Kano. Yara ne masu aikin gini da dako da wankin mota, da mata masu aikatau da masu bara. A nan suke ɗaukar gari da mai kafin a biya su, a nan wasu suke ajiye abin da suka tara, a bangon littafin kuma ga lambobin wayar iyayensu. Ya ce lokaci-lokaci hukuma takan kwashe waɗanda ba su da takardu a kai su bakin iyaka, daga nan su taka kusan kilomita 15 a ƙafa zuwa Assamaka. Wanda aka kwashe da safe ba ya samun zuwa sallama. Mai ajiya a wurinsa, yakan kira lambar ya nemi hanyar aika masa. Wanda ake bi kuwa, shafinsa yana nan, ba ya sokewa, ba ya kuma bin sawu. "Wasu suna dawowa bayan shekara su biya. Wasu 'ya'yansu ne za su zo, kamar kai."

Na ce ya zaɓa min. Ya buɗe shafin wata mata daga wajen Kantche: madara, bargo, takalman yara ƙafa biyu. Ya buɗe na wani yaro ɗan Kano: shinkafa, katin waya, maganin ciwon kai. Kuɗina suka kai shafi uku da ɗan wani abu. Na ce ladan Allah Ya kai wa Mai Koriya da wanda ya ba shi bashi. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. A wannan dare na ga hanjin hanya guda a cikin akwatin ƙarfe.

Da za mu tafi masauki na je wurin tsohon mai nama na ce, "Baba, ko kai ma kana binsa?" Ya kece da dariya har da tari. Ya ce kwana goma sha tara ɗin nan wa nake tsammani ya ciyar da su? Na sa hannu a aljihu, ya daka min tsawa. "Ni ban rubutu, yaro. Naman da an ka ci an ci shi." Na kuɗin wanda muka ci a daren ma ƙin karɓa ya yi.

Na sayi gwangwani biyu na shamiya, na biya nan take. Ɗaya na buɗe a masauki muka ci da Kawu da cokalin shayi. Zaƙinta ya yi yawa, tana manne wa dasashi, kuma ga mai shekaruna ba abin a yi ta ci ba ne. Na cinye rabona tas.

Ɗayan na kawo wa Inna. Na zauna a bakin gadonta, a kan bargon nan mai zanen damisa, na ba ta labari tun daga Kwangwalam har bakin kwari, na tsallake zancen taba. Da na zo kan abin da na je ina tsoro, sai ta dube ni ta ce, "Au, kai ashe ka ɗauki maganar matan nan? Ni ko a jikina." Ta juya gwangwanin a hannunta ta ƙara da cewa, "Tabar ma da kake ɓoye min na sani. Wa yake wanke masa riguna?"

Mai karatu, in naka mahaifin yana raye, kuma akwai wata tafiya da ya yi wadda har yau kake riƙe da ita a zuci, je ka tambaye shi yadda aka yi tun yana iya ba ka amsa da bakinsa. Ni sai da na ratsa hamada na samo tawa amsar a rubutun wani Balarabe da ban taɓa gani ba. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sauke musu nauyin da suka sani da wanda suka manta, Ya kai matafiya gida lafiya.